Zane Uku a Wuyan Aska

Shekara ashirin da takwas Engkos ya yi yana jan ƙaramar motar haya tsakanin tashar Garut da Leles, har gwiwarsa ta hagu ta ƙi taka kuloci. Ya sayar da motar ya dawo gida ya zauna. Bai cika wata biyu ba matarsa Yayah ta fara yi masa gori, wai ya fi kujerar baranda daɗewa a baranda. Ita ce ma ta jawo maganar aska ba da niyya ba. Tana kwashe tarkacen ɗakin ajiya ta ci karo da wata tsohuwar aska ta mahaifinsa, irin mai naɗewa cikin mariƙinta, tsatsa ta yi mata jajir. Ta miƙa masa ta ce ya jefar.

Bai jefar ba. Ya kai ta wajen mai walda na bakin titi, ya roƙi aron injin wasa ƙarfe, ya ɗora ta. Tsatsar ta tafi nan da nan, sai dai bakin askar ya koma shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara. Ya ɗauka kyau ta ƙara. Da murnarsa ya nufi shagon Abah Oding, tsohon wanzamin da ke gefen kasuwar Banyuresmi, wanda ke yi masa aski tun yana saurayi.

Abah ya juya askar sau biyu, ya ajiye ta a kan tebur a hankali, ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Ka gasa ta, direba. Wannan ko rogo ba za ta ƙara ferewa ba."

Daga ranar ce Engkos ya zama ɗan zaman shagon. Kujera ɗaya ce a ciki, da madubi mai tabo, da igiyar fata rataye a jikin ginshiƙi. Masu zuwa aski sun ragu, samari duk sun koma shagunan da ke da fanka da kiɗa, don haka Abah yana da lokacin koyarwa, ko da yake bai iya koyarwa ba tare da zagi ba. Ya nuna masa bambancin jar tsatsa, wadda ke kan fuska kawai, da baƙar da ke haƙa rami a cikin ƙarfe. Ya koya masa fara gogewa da samfefa mai kaushi a sauko zuwa mai laushi, da ɗigon mai, hannu na tafiya gefe guda. Ya koya masa ɗan ƙwanƙwasa bakin aska da farce a saurara: lafiyayya tana amsawa da siririyar ƙara, mai tsaga kuwa shiru take yi. Idan ana son sanin mariƙi ƙaho ne ko roba, sai a zafafa allura a taɓa ta ciki inda ba a gani. Ƙaho warin ƙonannen gashi yake yi. Kuma kafin komai a duba wuyan askar, tsakanin kaifi da mariƙi, don can maƙera ke buga tambarinsu, wanda ya goge wurin da gaggawa ya shafe mata suna har abada.

Engkos ya lalata askoki huɗu kafin ta biyar ta aske gashin hannunsa. Ranar har da soyayyar ayaba ya kawo wa Abah.

Wata Lahadi da safe ya je kasuwar tsofaffin kaya da ke bayan tashar jirgin ƙasa. A shimfiɗar wani Dudung, mai yawo ƙauyuka da babur yana sayen tarkace, ya ga askoki uku ɗaure da roba a cikin kwandon makullai da cokula. Biyu ba su da wani amfani. Ta ukun ta fi su faɗi da nauyi, mariƙinta baƙi ne, kuma a inda ya kamata a ga ƙusar tagulla an zura jar waya an murɗe. Ya saya duka ukun don kada Dudung ya gane wacce yake so.

Kwana biyu ya yi a kanta a baranda. Allura ta ce mariƙin ƙaho ne. Farce ya ce ƙarfen lafiya lau. Da ya bi wuyan a hankali da samfefa mafi laushi, sai wasu haruffa suka fara fitowa, na farkon duk tsatsa ta cinye, saura wutsiyar kalmar kawai, INGEN. A ƙasansu akwai zane uku a jere, na tsakiyar ya fi tsawo, an yi su da magagari, ba aikin masana'anta ba ne.

Ya kai wa Abah Oding ranar Laraba. Tsohon yana shan kofi, ya karɓa da hannu ɗaya. Da idonsa ya kai kan wuyan askar sai ya ajiye kofin, bai kurɓa ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya naɗe ta, ya ce ba wata aba ba ce, kwaikwayo ce, irinta cike suke da kasuwa a da. Bai miƙo ta ba. Ya tambaya a ina aka samo ta, a hannun wa, yaushe. Ya ce idan Engkos yana so ya bar masa ita, zai ba shi wata lafiyayya daga cikin nasa a madadinta, tunda shi ɗan koyo ne, wannan wahala kawai za ta ba shi.

Engkos ya yi shekaru yana karanta fuskar fasinja ta madubi, ya san fuskar wanda ya ga abu ya yi kamar bai gani ba. Ya ce zai yi tunani. Sai da ya miƙa hannu sau biyu kafin askar ta dawo tafinsa. Game da inda ya samo ta kuwa, bakinsa ya riga shi, ya ce ranar Lahadi ne a birnin Bandung, wajen wani da bai san sunansa ba.

Yayah ba ta ɓata lokaci ba da ta ji labarin. Tana tankaɗen garin shinkafa ta ce tun da take ba ta taɓa jin wanda ya ba da lafiyayyar akuya ya karɓi gurguwa don tausayi ba. Ta ce tsohon ya ga abin arziki ne, kuma wata bakwai ɗin da ya yi yana koya masa, wa ya sani ko jiran irin wannan rana yake yi. Engkos ya ce ta ji tsoron Allah. Amma da ta shiga ɗaki sai ya ɗauko waya ya shiga duba hotunan tsofaffin askoki na Solingen, garin maƙeran ƙasar waje da sunansa ke ƙarewa da INGEN, ya ga wasu an sa musu kuɗin da ya kai na babur. Babu mai zane uku a cikinsu. Hakan bai kwantar masa da hankali ba, sai ma ya ɗauka tasa ta fi su wuyar samu. Ya naɗe ta a tsohuwar safa ya tura ƙarƙashin buhun shinkafa.

Kwana shida bai leƙa shagon ba. A na bakwai Abah da kansa ya zo gidan, abin da bai taɓa yi ba, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya zauna ya sha shayi, idonsa na yawo a kan teburin aikin da ke baranda. Ya ɗaga tsumma, ya ɗaga gwangwanin mai. Yayah tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, ta ƙi komawa ciki har ya tashi. Da zai tafi ya dubi gemun Engkos ya ce abin kunya ne almajirin wanzami ya yi kama da busasshiyar kwakwa, ya zo gobe a gyara masa.

Engkos ya je, don rashin zuwa zai zama magana. Babu kowa a shagon. Abah ya kwantar da kujerar, ya shafa masa kumfa, ya ɗauko tasa tsohuwar askar, wadda ba ya amfani da ita sai ga tsofaffin abokai, ya goga ta a igiyar fata sau da yawa, fiye da yadda ya saba. Ya fara daga kumatu. Sai da ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ya ɗaga masa kai da yatsa biyu, sannan ya yi magana.

"Ranar Lahadin da ka ce kana Bandung, surukina ya gan ka a bayan tashar jirgi."

Engkos ya ji sanyin ƙarfen a maƙogwaronsa. Ya ƙura wa rufin kwano ido, yana jin tafiyar askar sama-sama, yana jin numfashin tsohon mai warin taba da kanumfari.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," in ji Abah. "Mutum yakan manta. Kada ka motsa."

Ya gama, ya goge masa fuska da ɗumin tawul, ko ƙwarzane babu. Engkos ya tashi zaune yana shafa wuya, haushi ya maye gurbin tsoro. Ya ce tunda magana ta fito fili, shi ma yana da tambaya: in askar kwaikwayo ce, me ya kawo Abah har gidansa yana ɗaga tsummokara?

Tsohon ya wanke askar da ya yi aikin da ita, ya tsane ta, ya juyo da wuyanta ya miƙo. Zane ne guda biyu, da magagari, hannu ɗaya da na waccan.

Ya ce mahaifinsu ne ke yin wannan alama. Askokinsa uku ne na gaske, ya yi musu zane ɗaya, biyu, uku. Mai zane ɗaya ta karye tun suna yara. Mai biyu ga ta. Mai uku kuwa, wadda ta fi duka, wansa Sarbini ya tafi da ita shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, kwana kaɗan bayan rasuwar mahaifin nasu, ya bi masu zuwa Lampung, can tsallaken teku, neman aikin aski, bai ƙara waiwayo gida ba. Jar wayar da ke jikin mariƙin ma shi Oding ne ya murɗa ta da hannunsa yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya ce da ya gan ta ranar Laraba ya ɗauka Sarbini ne ya turo Engkos ya gwada shi. Da Engkos ya ɓoye inda ya samo ta sai ya ƙara tabbata.

Engkos ya tambaye shi me ya hana shi faɗin haka tun farko. Abah ya ce ba kowace magana ce mutum ke so ya buɗe a gaban wanda ya zo koyon goge tsatsa ba.

Yayah ta ce labarin ya yi kyau da yawa. Zane biyu ai minti biyar ne da magagari, kuma tsohon ya sami kwana bakwai. Shi ma Engkos tunanin ya zo masa a hanya. Sai dai ya ga zanen da idonsa, bakinsu ya sha hannu ya yi sumul, cikinsu baƙi ne irin na shekaru. Wannan kam ya koya, kuma Abah ne ya koya masa, abin da ya sa ya rasa ko ya yarda da idon nasa.

Ranar Lahadi Engkos da Abah suka tafi wajen Dudung tare. Da ya ga mutum biyu sun tsaya a kansa, ɗaya tsoho da baƙar hula, suna tambayar inda ya samo kaya, sai ya fara tattara shimfiɗarsa. Ya ce shi ba ya sayen kayan sata, kowa a kasuwar nan shaida ne, kuma bai taɓa ganin askar ba. Engkos ya tuna masa da kwandon makullai. Ya ce to, ko ya gani, yana shiga ƙauye goma a mako. Ya dubi takalman Engkos ya tambaya ko shi tsohon ɗan sanda ne. Sai da aka sayo masa kofi da soyayyar awara, Abah kuma ya rantse ba ƙara suka kawo ba, sannan ya tuna da wani gida mai koren fenti a bayan masallacin wani ƙauye kusa da Cibatu. Wata mata ce ta sayar masa da kujerar aski, da madubi, da akwatin kayan aiki, bayan rasuwar ubanta.

Cibatu tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Abah ya maimaita sunan garin sau biyu, kamar bai taɓa jin sa ba.

Suka hau motar haya, Engkos a gaba yana kushe tuƙin direban a zuci, Abah a baya da hularsa a cinya. Sun sami gidan kafin azahar. Matar da ta fito za ta kai shekara talatin da biyar, sunanta Rohmah, tana da faɗin goshi irin na Abah, har Engkos ya dubi wannan ya dubi wancan. Ba ta ce su shigo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da labule, ta tambaya daga ina, wa ya turo su. Da Engkos ya ciro askar daga safa ta ce ta sayar, ciniki ya ƙare, ba ta mayar da komai. Da Abah ya ce shi ƙanen Sarbini ne, sai fuskarta ta ƙara rufewa. Ta ce gidan da sunan mahaifiyarta yake, akwai takarda, mai unguwa ya sani.

Abah ya ce ba gida ya kawo shi ba. Ya tambaya yaushe Sarbini ya rasu. Ta ce wata biyar ke nan, ciwon suga. Ya tambaya yaushe ya dawo daga Lampung. Ta ce ita ba ta san wani Lampung ba, a nan aka haife ta, a nan ya yi aski shekara talatin da wani abu, a ƙarƙashin bishiyar mangwaron can.

"Bai taɓa ambaton yana da ƙane ba?"

"Sau ɗaya," in ji ta. "Yana kwance, ciwon ya yi nisa. Ya ce kakanmu ya damƙa masa askar nan hannu da hannu kafin ya cika. Ya ce ƙanensa ya tsaya a ƙofar masallaci ranar sadakar bakwai, a gaban mutanen gari, ya kira shi ɓarawo."

Engkos ya dubi Abah. Wannan ɓangaren bai zo a labarin shago ba. Tsohon ya ce ba haka aka yi ba, shi aka yi wa alkawarin askar, kowa ya sani. Sannan ya ce shi dai ba ya ɗakin lokacin da mahaifinsu ya cika, ya tafi kiran malami. Rohmah ta ce ita ma ba ta nan, abin da aka faɗa mata ta faɗa. Ta ce da gangan ta haɗa askar cikin kayan da ta sayar, don tun tana yarinya take ganin yana fito da ita ya shafa mata mai ya mayar, bai taɓa ɗora ta a fuskar kowa ba, daga baya ma ya daina buɗe akwatin, kuma ita ba ta son ganin ta.

Abah ya roƙi a nuna masa kabarin. Rohmah ta kira mijinta daga bayan gida, wani mai faɗin ƙirji da laka a ƙafa, ya raka su yana tafe a bayansu. Engkos ya tsaya daga nesa saboda gwiwarsa. Ya ga tsohon ya durƙusa ya cire ciyawa biyu-uku, ya ɗaga hannu, ya daɗe. Da suka dawo an ajiye musu shayi a baranda, ƙofar gidan a rufe.

A mota Engkos ya ciro askar ya ɗora a cinyar Abah. Tsohon ya mayar masa. Ya ce da a ce ya san tasa ce da ya karɓa, amma yanzu bai sani ba, kuma duk waɗanda suka sani suna ƙasa. Ya ce Engkos ya saya da kuɗinsa, ya gama aikinsa, in ya zo wajen fitar da kaifi ya kawo a yi a shago, don dutsen wasansa na gida bai isa wannan ƙarfe ba.

Yayah ta saurari komai har ƙarshe tana yanka albasa. Ta ce ita dai ta faɗa tun farko akwai abin da tsohon ke ɓoyewa. Engkos ya ce ba abin da ta ce yake ɓoyewa ba ne. Ta ce ɓoyo dai ɓoyo ne.

Ya ɗauki mako uku yana aikin. Ya bar baƙaƙen ramukan da ke kusa da gadon bayan askar, don fitar da su zai ci ƙarfe da yawa. Ya jiƙa ƙahon a mai kwana biyu har ya daina kama da busasshen itace. Ya so ya cire jar wayar ya sa ƙusar tagulla kamar yadda ake yi, ya ɗauko filaya, ya tsaya, ya tafi ya tambayi Abah. Abah ya ce a cire mana, aikin yaro ne, dama tun ranar mahaifinsu ya ce bai yi kyau ba. Engkos ya cire, ya buga sabuwar ƙusa, ta ɗan karkace, ya bar ta haka.

Ranar fitar da kaifi Abah bai taɓa askar ba. Ya jiƙa dutsen, ya tsaya a bayan Engkos yana gyara masa gwiwar hannu yana kiran sa direba, har bakin askar ya iya yanke silin gashi a iska. Bai tambayi wanda za a fara askewa da ita ba, Engkos ma bai kawo maganar ba.

Daga baya Engkos ya lura shagon yana zama a rufe duk ranar Juma'a bayan masallaci. Wani tsohon abokin aikinsa da ke jan mota a hanyar Cibatu ya ce masa yana ɗaukar Abah kowane mako, da zabirarsa ta kayan aski da ledar lemo. A zuwa na huɗu, in ji shi, mijin Rohmah ya yarda an yi masa aski a baranda. Ita kuwa har yanzu tana kiran sa Malam wanzami, kuma ta kai takardar gidan wajen mai unguwa ta ajiye.